Yadda Mai Bi Zai Shirya wa Lokacin Farautar Barewa a Amurka

Duk wanda ya zauna a karkarar jihar Pensilbaniya ya san cewa da watan Nuwamba ya kama, hirar da ake yi a ƙofar majami'a bayan sujada takan koma ta barewa. Wane ya ga sawu a bayan gonar masara, wane kuma ɗansa ne zai fara fita bana. Ni da na taso a Adamawa cikin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, abin ya ɗaure mini kai da farko. Ikilisiyar da na tarar a nan ita ce uwar tamu, domin ɗaya daga cikin mishan biyu da suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, wato Stover Kulp, ɗan jihar nan ne. Ikilisiya ce ta salama wadda ta ƙi yaƙi tun asalinta, ga shi kuma akwai dattawanta da dama da ke da bindigar farauta a gida. Mu kuwa da muka ga abin da bindiga ta yi wa garuruwanmu a 2014, ƙararta kaɗai kan tayar mana da tsikar jiki.

Sai da na yi shekara biyu ina kallo kafin na yarda na bi wani dattijon ikilisiyarmu, wanda nake kira Baba. A wurinsa na koyi cewa harbin kansa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ko zai zama abin godiya ko abin da-na-sani, an riga an yanke wannan tun watanni kafin ranar. Abin da zan zayyana a nan tsarin Pensilbaniya ne, wanda na sani. Kowace jiha da dokarta, don haka wanda yake Mishigan ko Teksas sai ya riƙe hanyar, ya duba lambobin a littafin dokokin farauta na jiharsa.

Mataki na farko: ka daidaita da lamirinka tun kafin ka kashe ko sisi

Ka ɗauki Littafi Mai Tsarki ka zauna da shi, ko da mako guda ne. Fara da Farawa 9:3-4, inda Allah ya ba Nuhu dabbobi su zama abinci, ya kuma kafa iyaka a kan jini, domin rai yana cikinsa. Izini da iyaka tare suka zo, a numfashi ɗaya. Maimaitawar Shari'a 14:5 ta lissafa barewa cikin dabbobin da aka halatta wa Isra'ilawa. Zabura 50:10 kuma ta tuna mana cewa kowane naman jeji na Ubangiji ne. Ke nan abin da za ka ɗora wa bindiga yana da mai shi, kai an ba ka amana ne kawai, irin wadda aka ba Adamu a Farawa 2:15, ya nome gonar ya kuma kiyaye ta.

Sai ka tambayi kanka, me nake nema a jejin nan? In nama ne don iyali da mabukata, da zama shiru cikin halittar Allah, da zumunci da 'yan'uwa, to madalla. In kuwa ƙaho kake so ka rataye a falo don a ce wane ya isa, ka tsaya ka yi addu'a a kai. Ban ce ajiye ƙaho zunubi ba ne, amma na ga yadda kwaɗayin babban ƙaho yake sa mutumin kirki ya tsallake iyakar gonar maƙwabci, ko ya yi harbi bayan duhu ya shiga. Ka tuna Isuwa gwanin farauta ne, amma yunwar yini ɗaya ta sa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari.

Akwai kuma wanda zai karanta ayoyin nan duka, zuciyarsa ta ƙi. Musamman 'yan'uwanmu da suka rasa nasu ta bakin bindiga. Kada kowa ya matsa masa, kada kuma shi ya hukunta masu fita. Romawa 14 ta riga ta raba wannan gardama. Matata har yau ba ta son ganin bindigar, kuma ina girmama hakan: tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, harsasai a wani wuri dabam, ba na fito da ita sai ranar da zan yi amfani da ita. Ka yi wannan magana da iyalinka tun yanzu, kada ka bari sai ranar da ka shigo gida da dogon akwati.

Mataki na biyu: takardu, daga Yuni zuwa Agusta

Romawa 13 ba ta tsaya a bakin jeji ba. Dokokin farauta ma suna da tarihin da ya kamata mai bi ya yi murna da shi. Wajen shekarar 1900 barewar nan mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka saboda kisan kasuwa da sare dazuzzuka, har aka kiyasta ragowarta ba ta wuce rabin miliyan ba. Pensilbaniya ta kafa hukumar kula da namun dajinta a 1895, sannan a 1937 aka yi dokar tarayya ta Pittman-Robertson wadda ta sa harajin bindigogi da harsasai ya riƙa komawa ga kula da namun daji. Yau ana maganar barewa wajen miliyan 30. Kuɗin lasin da za ka biya yana cikin abin da ya dawo da su. Yanzu ma yawansu ne ya zama damuwa a wasu wurare: suna cinye tsiron daji da amfanin gona, ga haɗarin mota, wanda jihar nan take cikin na gaba-gaba a kansa.

Kafin komai, ka tabbatar matsayinka na zama a ƙasar ya ba ka damar riƙe bindiga. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna da dama. Wanda yake kan bizar wucin gadi, kamar ɗalibi, dokar tarayya ta hana shi, sai in ya shiga cikin 'yan keɓance-keɓancen da aka yi, ɗaya daga ciki shi ne mallakar lasin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardun zama kuwa, haramun ne gaba ɗaya. Wannan ba wurin ji-ta-ji-ta ba ne. Ka tambayi lauya, domin kuskure a nan yana iya raba ka da ƙasar.

Daga nan sai darasin koyon farauta, wanda wajibi ne ga duk mai sayen lasin karo na farko. Na gaba da gaba kyauta ne, kusan awa shida, da ɗan gwaji a ƙarshe. Akwai na intanet, amma ina ba ka shawara ka je aji, don a can za ka ga yadda ake tsallake shinge da bindiga da idonka, ka kuma san mutane.

Shekarar lasin tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. Lasin babba na mazaunin jiha kusan dala 21 ne, yana zuwa da takardar shaidar namijin barewa guda ɗaya, wadda ake ɗaura wa dabbar da aka kashe. In kana son mace, wato marar ƙaho, sai ka sayi lasin dabam na kusan dala 7, na yankin da za ka yi farauta kaɗai. Ana fara sayar da su a ƙarshen Yuni ta shafin HuntFishPA ko a shaguna, kuma wasu yankunan nasu kan ƙare da wuri. Ga sabon shiga ina cewa ka nemi na macen: sun fi yawa, namansu ya fi laushi, kuma rage su ne yake daidaita garken. Farautar baka da kibiya, wadda ake buɗewa a farkon Oktoba, tana bukatar ƙarin lasin nata. Babban lokacin bindiga kuwa mako biyu ne, kuma tun 2019 ana buɗe shi ranar Asabar da ta biyo bikin Godiya na Amurka (Thanksgiving) a ƙarshen Nuwamba, maimakon Litinin da aka saba shekara da shekaru.

Mataki na uku: wurin farauta, da haƙƙin maƙwabci

Jihar tana da filayen farauta na gwamnati sama da eka miliyan ɗaya da rabi, kowa da lasin zai iya shiga. Sai dai ranar buɗewa cike suke da mutane. Gonar mutum ta fi kwanciyar hankali, in ya yarda.

Neman izini a Agusta ake yi, ba ana gobe buɗewa ba. Ka je da rana, cikin kayan gida, ba bindiga, ba rigar farauta. Ka gaida mai gida, ka faɗi sunanka da inda kake zaune da inda kake sujada. Ni baƙo ne, baƙar fata, da harshen da ba irin nasu ba, don haka karo na farko Baba ne ya raka ni, shi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Manomin ya fito da takalmin roba duk taki, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko na iya ɗaukar damin ciyawa. Asabar biyu na yi ina taya shi loda ciyawa cikin rumbu kafin mu sake maganar barewa. Har yau a gonarsa nake zama. In an ce maka a'a, ka yi godiya ka tafi da fara'a. In an ce e, ka roƙi a rubuta maka a takarda, ka tambayi iyakokin gonar, inda shanu suke, inda za ka ajiye mota, da ko akwai wanda aka riga aka ba izini.

Ka koyi alamun iyaka. Tun 2020 a yawancin jihar, fenti mai launin shunayya da aka shafa a tsaye a jikin itace ko turke yana nufin ba shiga, daidai da allon gargaɗi. Ko barewar da ka harba ce ta tsallaka can, sai ka nemi izini kafin ka bi ta. Haka kuma ba a harbin bindiga cikin yadi 150 daga gidan da mutane ke ciki ko rumbunsa sai da yardar masu shi. Ga mai baka yadi 50 ne.

Da ka sami wuri, sai leƙe. A Satumba da Oktoba ka riƙa zagawa da sassafe ko da yamma, kana neman abu uku: inda suke ci, inda suke kwana, da hanyar da ta haɗa su. Abincinsu gonakin masara da waken soya ne, da 'ya'yan itacen oak da ke zuba a kaka. Makwancinsu cikin sarƙaƙiya ne. Za ka ga sawun kofato mai tsaga biyu, da kashi ƙanana kamar na akuya, da ƙananan itatuwan da namiji ya kankare wa ɓawo da ƙaho, da wurin da ya tone ƙasa da ƙafa a ƙarƙashin reshe. Ka zaɓi mazauni biyu aƙalla, don hancin barewa ya fi idonta nesa ba kusa ba. Dole iska ta riƙa busowa daga wajenta zuwa wajenka. In ta juya, ka koma ɗaya mazaunin. Zuba masara ko gishiri don jawo su laifi ne a kusan duk jihar, haka ma korarsu da karnuka irin yadda muka saba gani a gida.

Mataki na huɗu: hannunka da bindigarka

A nan zan daɗe, domin a nan na yi kuskuren da har yanzu yake damuna.

Shekarata ta farko na je filin gwaji sau ɗaya tak, na harba harsashi biyar, na ce ya isa. Ranar buɗewa, wajen ƙarfe huɗu na yamma, wata mace ta fito daga cikin sarƙaƙiya tana tafiya. Zuciyata tana bugawa har cikin kunnuwana. Ban jira ta tsaya ba, na ja kunama. Ta ƙanƙame bayanta, ta shige daji a hankali. Da Baba ya zo ya durƙusa ya ɗauki ganye ɗaya ya sansana, jinin baƙi-baƙi ne gauraye da koren abu. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, a ciki ka same ta. Dole muka bar ta har wayewar gari, don in aka bi irin wannan da wuri sai ta tashi ta yi nisa. Daren nan ban runtsa ba. Da safe muka same ta a bakin rafi, raɓa ta daskare a gashin bayanta, dilolin daji sun riga sun cinye cinyoyin. Ta sha azabar sa'o'i, naman kuma ya tafi a banza, duk saboda na ƙi ba da Asabar uku ga gwaji. Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa. Na durƙusa a wurin na roƙi gafara, na kuma ɗaura mata takardar shaidata, na rufe farautar wannan shekara.

Ga yadda nake yi yanzu. Tun Satumba nake share bindiga, in duba kusoshin madubin hangen ko sun saki. A filin gwaji, da abin toshe kunne da tabarau, nakan fara daga yadi 25 a kan teburi, bindigar tana kan buhun yashi. Harbi uku, in duba tsakiyarsu, in gyara madubi, in sake uku. In sun hau daidai sai in koma yadi 100. Harsashin da za ka yi farauta da shi, da shi za ka yi gwaji, iri ɗaya nauyi ɗaya, don canjin harsashi yana canja inda zai sauka.

Bayan nan ka bar teburin, tunda babu teburi a jeji. Ka kafa farantin takarda irin na cin abinci, wanda faɗinsa ya yi kusan daidai da huhu da zuciyar barewa. Ka harbe shi a zaune, a durƙushe, da jingine da itace, sanye da rigar sanyin da za ka sa ranar. Nisan da kake samun farantin sau biyar cikin biyar, shi ne iyakarka. Nawa yadi 80 ne, ko da bindigar tana iya ninka haka. Abin da ya wuce nan, kallo ne nawa.

Wurin da ake nufa shi ne bayan kafaɗar gaba kaɗan, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji zuwa sama, lokacin da dabbar ta tsaya ta ba ka gefe. Kada ka nufi kai ko wuya, kada ka harbi mai gudu, kada ka harbi wadda ta ba ka baya, kada kuma ka harbi wadda take kan tudu ba ka san abin da ke bayanta ba. Harsashi yana tafiya fiye da mil guda, kuma ba a kiransa ya dawo. Ƙa'idodin nan huɗu su zama maka kamar haddar makarantar Lahadi: kowace bindiga ka ɗauka tana da harsashi, bakinta kada ya kalli abin da ba ka nufin harbi, yatsa a waje har sai ka shirya, ka tabbatar da abin da kake nufa da abin da ke bayansa.

Ka kuma koyi ƙirga rassan ƙaho. A yawancin jihar, namiji ba ya halatta ga babban mafarauci sai yana da rassa uku a gefe ɗaya, a wasu yankunan yamma kuma sharaɗin ya fi haka tsauri. In ba ka ƙirga da kyau ba, ka bar shi ya wuce. In kuma ka yi kuskure, doka ta buɗe ƙofar kai kanka ga jami'in hukuma. Mai bi ba ya binne kuskurensa a ƙarƙashin ganye.

Mataki na biyar: jiki da kaya

Namijin barewa yakan kai kilo 60 ko fiye, jan sa a kan tudu cikin sanyi aiki ne da yake kayar da masu ciwon zuciya. In ka haura arba'in ko kana da hawan jini, ka ga likita, ka kuma fara tafiyar rabin awa kullum tun Satumba.

A lokacin bindiga doka ta wajabta tufa mai launin ruwan lemo mai ƙyalli, murabba'in inci 250 aƙalla a kai da ƙirji da baya, yadda za a gan ka ta kowace fuska. Hula da 'yar shara sun wadatar. Kada ka damu, idon barewa ba ya rarrabe wannan launi sosai; shuɗi ne take gani da kyau, don haka ka bar wandon jins a gida. Kada ka fito da farin hankici a daji, don daga nesa yana kama da wutsiyar barewa. Sanyi kuwa, mu 'yan ƙasar zafi kada mu yi masa jarumta: tufafi hawa uku, na ciki ba na auduga ba, safa ta ulu, safar hannu. Ka fesa wa kayan maganin kaska mai suna permethrin kwana biyu kafin fita, ka kuma duba jikinka duk ranar da ka dawo, don jihar nan tana cikin waɗanda cutar Lyme ta fi yawa.

In a kan itace za ka zauna, ka sani faɗowa daga mazaunin sama tana cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarauta. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina gida ya yi wa rufinsa rawani don kada wani ya faɗo, jininsa ya hau kan gidan. Ɗamarar tsaro mai kama dukan jiki ita ce rawaninka. Ka ɗaure tun daga ƙasa har ka sauko, ka jawo bindigar da igiya bayan ka zauna, ba harsashi a ciki. Ni dai a ƙasa nake zama, jingine da gindin itace, kuma ban rasa nama ba.

A jaka: lasin da katin shaida, alƙalami, wuƙa mai kaifi, safar hannu ta roba, igiya, tocila biyu, ruwa, ɗan abinci, kayan taimakon farko, da waya cike da caji.

Mataki na shida: ka yanke maganar Lahadi tun kafin ta zo

Tun ƙarni na 19 jihar nan ta haramta yawancin farauta ranar Lahadi. A 2020 aka buɗe Lahadi uku, sannan a 2025 gwamna Josh Shapiro ya sa hannu a dokar da ta ɗage haramcin, aka bar wa hukuma ta tsara ranakun. Da, doka ce take tsare wa mai bi ranar sujadarsa. Yanzu shi da lamirinsa ne. Na san masu aikin kwana shida da suke ganin wannan sauƙi ne gare su, ba na kuwa hukunta su. Amma ra'ayina a fili yake: Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwa, kuma maganar nan da wasu ke yi cewa jeji ne majami'arsu ba ta gamsar da ni ba. A jeji kana iya addu'a, amma ba ka cin Jibin Ubangiji, ba ka kuma ganin gwauruwar da take bukatar gaisuwarka. Ka yanke shawara a Oktoba, ka gaya wa matarka da abokan farautarka, don in ka bari sai daren Asabar bayan ka ga babban namiji ya wuce, ka riga ka san wanda zai yi nasara.

Haka ma gida. Mako biyun nan kada su zama lokacin da uwargida take ɗauke da yara ita kaɗai. Ku zauna da kalanda ku raba ranakun.

Ana gobe, da ranar kanta

Da daddare ka shirya kaya, ka duba hasashen iska, ka rubuta wa iyali inda za ka zauna da lokacin da za ka dawo. Mu mukan taru a gidan Baba mu yi addu'a. Ba ya roƙon babban ƙaho. Abin da yake roƙo shi ne kowa ya koma gida da ƙafarsa, hannunmu kada ya yi rawa, dabba kada ta wahala, a kuma ba mu zuciyar da za ta yi godiya ko an samu ko ba a samu ba.

Bindiga ba harsashi a mota, wannan doka ce. Ka isa mazauninka awa guda kafin gari ya waye. Lokacin harbi yana farawa rabin awa kafin fitowar rana, ya ƙare rabin awa bayan faɗuwarta, kuma hukuma tana buga jadawalin mintocin. Sa'an nan sai zama. Wayar ta zauna a aljihu. Nakan zo da Zabura ɗaya a ka, sau da yawa ta 42 ko ta 104, in yi ta juya ta yayin da duhu yake komawa toka-toka, kurege ya fara motsi cikin busassun ganye, tururin numfashina yana nuna mini inda iska ta nufa. Yawancin ranaku ba abin da ake harbi, kuma ban taɓa ɗaukarsu asara ba.

In dama ta zo, ka jira ta tsaya, ka saki rabin numfashi, ka matsa kunama a hankali. Bayan harbi ka lura da inda take tsaye da inda ka daina ganinta. Ka jira rabin awa. Jini ja mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Ja mai duhu na hanta ne, ka ba ta awa huɗu. Mai wari da koren abu na ciki ne, sai awa takwas ko fiye. Bin sawu wajibi ne a kanka har iyakar ƙarfinka, kuma tun 2018 an yarda a nemo wadda aka raunata da kare a igiya.

Da ka same ta, ka zo ta bayanta, ka taɓa idon da sanda don tabbatarwa, ka cire harsashi. Kafin ka gusar da ita, ka cike takardar shaida ka ɗaura a kunnenta. Sa'an nan ka tsaya. Baba yakan cire hula ya ɗora hannu a wuyanta ya yi godiya, bisa ga 1 Timoti 4:4-5. Bayan an fitar da kayan ciki, yakan tura ƙasa da ganye da ƙafa ya rufe jinin, kamar yadda Littafin Firistoci 17:13 ya umarci maharbin Isra'ila. Ya ce mini ba don muna ƙarƙashin Shari'a ba ne, don dai hannu ya tuna cewa rai ne ya fita. Na ɗauki al'adar. In za ka ɗauki hoto, ka share jinin, kada ka hau kanta.

Naman

Karin Magana 12:27 ta kira wanda bai gasa abin da ya farauto ba malalaci, don haka shirin nama tun kafin fita ake yin sa. Ka san mahaucin da za ka kai wa da lokacin da yake rufewa, ko ka tanadi wurin fiɗa da gurbi a firiza. Kayan ciki su fita nan take, da safar roba, a hankali kada wuƙa ta huda tumbi ko mafitsara. Ka buɗe ƙirjin da sanda iska ta shiga. Naman yana bukatar sauka ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Salsiyas da wuri; in ranar da ɗumi, ka cusa buhunan ƙanƙara a ciki.

Ka duba ko wurinka yana cikin yankunan cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara gani a jihar a 2012. A can akwai dokar hana fitar da kai da lakar ƙashin baya da saifa, akwai kuma akwatunan da ake jefa kai don gwaji kyauta. Ka jira sakamako kafin ka ci, in kuma ya nuna cutar, hukumomin lafiya sun ce kada a ci. Ka kai rahoton abin da ka kashe cikin kwana 10, ta intanet ko ta waya. Da shi ake lissafin lasin baɗi.

Rabon farko na mai gona ne, kuma mai kyau, naman gadon baya, ba ragowa ba. In Allah ya ba ka ta biyu, akwai shirin Hunters Sharing the Harvest da yake aiki tun 1991: ka kai barewar ga mahaucin da ke cikin shirin, su niƙa su raba wa rumbunan abincin mabukata, kuma guda ɗaya takan ba da abincin mutum wajen 200. In za ka kai wa abokinka Musulmi, ka gaya masa gaskiyar yadda aka kashe ta, shi ya san hukuncin addininsa.

Naman ba shi da kitse, saurin bushewa gare shi a wuta. Wanda aka niƙa a dafa shi har cikinsa ya kai digiri 71. Wuya da ƙafafu farfesu suke so, a kan wuta kaɗan-kaɗan, da citta da kanumfari da masoro. Cinya kuwa matata takan yi dambun nama da ita, ta cika kwano biyu, ɗaya na gidan Baba, ɗaya na cin abincin zumunci na Lahadin farko ta Disamba. Daren da ka dawo, kafin ka kwanta, ka share bindigar ka shafa mata mai, ka sake duba cikinta, ka mayar da ita akwati ka kulle.